Ranar da Motar Baba Ta Tashi Ba Makulli

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayun 1999, layinmu na Ƙofar Guga ya yi tsit tun da hantsi. An kawo wuta da asuba kuma ba a ɗauke ba, har tsofaffi suna cewa lalle canji ya zo, don haka duk wani magidanci ya tattara ya nufi zauren Alhaji Mamman, maƙwabcinmu mai talabijin. Mata suna cikin gida, kowace da rediyo a gefen murhu. Ni kuwa ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu, shekarata goma sha ɗaya, an ɗora mini tsaron ƙanina Nura mai shekara huɗu, ina ta cika ina batsewa don an hana ni bin ƙawayena gidan kitso. Ina nan zaune sai na ji motar Babanmu ta shawo kwana da wata ƙara mai kauri da ban gama sabawa da ita ba, ta zo ta tsaya a gindin bishiyar bedin ƙofar gida. Baba ya kashe ta, ya ɗan sunkuya ya yi wani abu a gefen sitiyari, ya fito ya tura dutse ƙarƙashin tayar gaba, ya jefa makulli a aljihun rigarsa. Ko cikin gida bai leƙa ba. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ki kula mani da ɗan'uwanki," ya wuce zauren Alhaji Mamman da sauri har yana tuntuɓe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Kafin in faɗi abin da na aikata bayan ya juya baya, sai na ɗan koma kan ita motar, domin wanda bai san halinta ba zai ɗauka hauka ne ya kama mu ranar. A-kori-kura ce fara mai shan gas, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. Baba yana ɗauko buhunan gero da wake da barkono daga kasuwannin ƙauye yana kawo wa 'yan kasuwar cikin gari, kuma da ita muke ci, da ita muke sha. Ranar da ya sayo ta aka gaya masa tana da ƙwaƙwalwa, wato wani baƙin akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, yana ɓoye a ƙasan gaban mota da wayoyi cunkus a jikinsa. Shi ne ke ba famfon gas umarni, ya auna abin da inji zai sha da lokacin da zai sha. Baba ya yi ta nuna wa abokansa wannan akwati, ni kuma na kai labari makaranta cewa motarmu tana da kwamfuta, har na yi dambe da wata 'yar ajinmu da ta ce ƙarya nake yi.

Sai dai shekarun nan na wahalar mai ne. Gidan mai ko a rufe yake ko layi ya kai wata unguwa, don haka a wajen 'yan bumburutu Baba ke saye, su kuwa Allah kaɗai ya san abin da suke zubawa a jarka. Wani gas ɗin warin kananzir yake yi, wani in ya kwanta sai ka ga ruwa a ƙasa. Baba yakan tace shi da wani tsohon ɗankwalin Inna, mahaifiyarmu, amma duk da haka akwatin ya fara fushi. Ana cikin tafiya sai wata jar wuta ta kama a gaban direba, motar ta mutu murus, ko a tsakiyar kasuwa ko a dokar daji. Wani lokaci in ta huta sai ta tashi don kanta kamar ba ita ba. Baba yakan ce, "Akwatin nan mulkin soja shike yi, in ya ce tsaya, ba ka da ta cewa." Ya kai ta wajen kanikawa sun fi biyar, kowa ya kwance abin da ya iya ya mayar, aka ce sai dai a kai ta inda ake da na'urar da ke jin maganar akwatin, kuma ba a Katsina take ba. Bayan ƙaramar Sallah ta mutu mutuwar da ba ta sake tashi ba, aka jawo ta da igiya aka ajiye a gindin bedi.

Wata huɗu ta yi a wurin. A cikin gida watannin ba su yi daɗi ba, don miya ta koma ta kuka zalla, Baba ya koma tuƙa motar wasu in an kira shi, in ba a kira ba ya wuni a zaure yana jan carbi. Amma mu yara, Allah ya yafe mana, sai muka samu abin wasa. Carafke da langa da 'yar gala-gala duk muka yi watsi da su. Da an taso daga makarantar boko, kafin a tafi Islamiyya, sai yaran layi su taru a ce a yi mota. Birkin hannunta ya daɗe da lalacewa, shi ya sa kullum a giya take, ga dutse a ƙarƙashin taya. Ni ce direba, ba takara, tunda motar ubana ce kuma na fi su tsawon ƙafa. Sai in zauna a bakin kujera in danne kuloci da duk nauyina kamar yadda na ga Baba yana yi, a janye dutse, yara su tura. Layinmu gangara ne kaɗan, don haka takan mirgina a hankali kamar taku goma, mu kai wajen wani turken wuta, sai in saki kuloci. Motar ta yi tari biyu, ta girgiza, ta tsaya cak, mu fashe da dariya. Daga nan in sake dannewa, manyan yara su turo ta baya, a sake. Ina karɓar kuɗin mota da marafan kwalba, wanda ya yi mini gardama in sauke shi.

Inna ta sha yi mana faɗa ta kan katanga, domin layin a miƙe yake har bakin wani kududdufi da ke bayan tsohuwar ganuwa, inda magina ke haƙar ƙasa. Ramin ya fi ɗaki zurfi, kuma daidai bakinsa ne hanya ta karkata. Amma Baba da kansa ya kwantar mata da hankali. A gabana ya ce mata ta ƙyale mu, makulli yana aljihunsa, ko mutanen Katsina duka suka taru suka tura motar nan ba za ta tashi ba, tunda akwatin ba ya sakin ko ɗigon gas sai an ba shi wuta. Gaskiya ya faɗa a lokacin, ni kuma na riƙe maganar da kyau.

Wanda ya kawo mafita shi ne Malam Bitrus, wani bakanike mutumin Filato da ke da gareji a Ƙofar 'Yandaka. Dogo ne mai sanyin magana, ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta fara juyawa irin tamu, mu kuma Baba Bitrus muke ce masa. Shi ya ce wa Baba injin lafiyarsa lau, akwatin ne ba ya son man ƙasar nan, don haka a raba su. A cire famfon da ke jiran umarnin wuta, a sa irin na da, wanda inji ke juyawa da kansa, direba kuma ya ba shi umarni da ƙafa ta hanyar wayar totur. Ya ce irin wannan famfo ba ruwansa da kwamfuta, in dai akwai gas a tanki to aiki zai yi. Baba ya yi kwanaki yana juya maganar, don wasu sun ce masa ɓata mota zai yi. Daga baya aka sayar da ragunan Inna biyu, ya tafi Kano wajen masu kayan tsofaffin motoci, ya dawo da famfon a naɗe cikin takardar siminti, ya ajiye shi a ɗakinsa ya hana kowa taɓawa.

Aka ja motar zuwa gareji, aikin ya ci kwana tara. Wasu ranakun ni ke kai wa Baba abinci, kuma abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba. An buɗe gaban motar, an zazzago wayoyi a ƙasa tuli guda, bututun ƙarfe huɗu da ke kai gas ga nozul, masu fesa shi cikin inji, suna jere a kan buhu. Baba Bitrus yana ta goge wasu ƙananan alamu a jikin inji yana ɗiga musu farin fenti, ya juya inji da safana a hankali, ya leƙa, ya sake juyawa. Na ji yana gaya wa Baba cewa in alamun nan suka saɓa da ko haƙori ɗaya, inji zai iya cin kansa. Sai da ya sa aka ƙera wani ƙarfe a wajen mai walda kafin famfon ya zauna daidai, ya kuma jawo wayar totur daga wata matacciyar mota. Baƙin akwatin kuwa Baba ya kawo shi gida, Inna ta mayar da shi abin danne marfin tukunya. Ranar Laraba ina Islamiyya suka gama. Aka ce sun daɗe suna sassauta bututu suna fitar da iska har gas ya fara tsartuwa, sannan ta tashi da baƙin hayaƙi, mutanen gareji suna tafi. Da Baba ya shigo layi da ita, maƙwabta suka fito suna tsokanarsa wai motarsa ta riga ƙasa komawa mulkin farar hula.

Akwai abu ɗaya da aka yi a ranar Larabar nan wanda sai daga baya na sani. Sabon famfon ba ya jin makulli. Ko ka murɗa ka zare, inji zai ci gaba da aiki, sai an ja wani ɗan hannu a jikin famfon ya tsayar da gas. Baba Bitrus bai samu abin da ke yin wannan aiki da wuta ba, sai ya ɗaura wa hannun wayar birkin keke, ya huda ya shigo da ita gefen sitiyari, ya sa mata guntun katako a baki. Igiya suke ce mata. In za a kashe mota sai a ja igiya a riƙe har inji ya mutu, sannan a rataye katakon a wata ƙusa da ya kafa. Ya ja wa Baba kunne sosai cewa in igiyar ba ta rataye, to motar a shirye take, ba ta bukatar makulli ko batir, turi kaɗai ya ishe ta. Baba ya ji, ya kiyaye. Amma murna da komawa aiki suka ɗauke masa hankali, bai tuna akwai wasu direbobi a gidansa ba.

To, mu koma ranar Asabar. Baba bai daɗe da shiga zaure ba aka koro yara daga wajen talabijin saboda surutu, suka fito su shida da Sagir ɗan Alhaji Mamman a gaba. Suna ganin motar a gindin bedi suka ce a yi mota. Ban yi ko ɗar ba. Sati biyu rabona da kujerata, kuma da idona na ga makulli ya shiga aljihu. Na ɗora Nura a gefena na rufe ƙofa, ƙofar da dama ta waje kaɗai take buɗuwa. Cikin motar da ɗumi, ga warin gas. Nan Nura ya hango guntun katakon a rataye, ya fara rigima sai an ba shi. Ni kuma don ya yi mini shiru na miƙa hannu na cire shi daga ƙusa, na ce ga odar motarmu nan. Ina saki igiyar ta zame ta koma ciki da kanta, katakon ya je ya manne. Nura ya taɓa ya ga ba ta yin ƙara, ya rabu da ita. Sagir ya janye dutse, na danne kuloci, suka tura.

Da muka kai turken wuta na saki ƙafa kamar kullum. Motar ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, na buɗe baki zan yi dariya, sai na ji ƙasan kujera ya ɗauki rawa. Inji ya kama. Wata irin kururuwa ta tashi a gabana, motar ta zabura, na ji yaran da ke baya sun yi ihu, ashe Sagir har ya kifa da fuska. Nura ya wuntsila ya faɗa ƙasan kujera. Abin da ya fara zuwa mini shi ne makulli, na kai hannu inda yake zama, na taɓa rami wayam. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan taɓawar ba, domin duk abin da na sani game da motar nan ya ƙare a wurin. Na kai ƙafa ina neman birki, na taka abin da na samu da ƙarfi, ashe totur ne. Motar ta ƙara zabura, katangun layinmu suka fara wucewa da gudu. Na murɗa sitiyari, ya ɗan motsa ya yi ƙas ya kulle, don ba makulli a jikinsa. Na murɗa dama, na murɗa hagu, ko gezau.

Can gabana kuwa ina hango inda hanya ta karkata, da bakin kududdufi. An yi ruwa sau biyu a satin nan, na san akwai ruwa a ƙasansa. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta watsar da faranti ta manne da bango. Na lalubi hannun ƙofa, na tuna babu. Duk addu'o'in da na haddace a Islamiyya suka gudu suka bar ni, ba abin da ke fita bakina sai Inna, Inna. Ƙafata ta ƙage a kan totur, na san ya kamata in ɗaga amma ta ƙi jin maganata. Na dubi ƙasa na ga Nura ya ɗago kai yana kallona, ba ya kuka, jira yake in yi wani abu tunda ni ce direba. A nan fitsari ya kubce mini, ban ma san ya zubo ba sai da na ji ɗumi a zanena. Na tabbata mutuwa za mu yi, kuma ni na kashe shi.

Daga baya aka ba ni labarin cewa a cikin zaure Baba kaɗai ya gane ƙarar. Ya dafa aljihu ya ji makulli yana nan, sai kawai aka ga ya tsallake mutane ya fita ba takalmi. Ni dai a madubin gefe na fara ganinsa, yana gudu hularsa ta faɗi, bakinsa a buɗe. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Ya cim mana, ya kama bakin taga ya rataya, rabin jikinsa a ciki, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ya daka mini tsawa a kunne.

"Ɗaga ƙahwarki! Ɗaga!"

Tsawar ce ta sake mini ƙafa. Motar ta rage ƙara amma ba ta tsaya ba, ga gangara ta ƙaru. Hannunsa ya wuce ta gaban ƙirjina yana lalube, ya kuskure katakon sau ɗaya, ya kama a na biyu, ya ja. Daidai nan na ji bayan motar ya ɗan ɗaga ya sauka, Baba ya yi wani irin nishi da har yau ba na son tunawa. Amma bai saki igiyar ba. Ya riƙe ta, fuskarsa dab da tawa, jijiyoyin wuyansa a miƙe, har inji ya yi tari ya mutu, motar ta girgiza ta tsaya. Na duba ta gilashin gaba ban ga hanya ba, sai koren ruwa can ƙasa da wata leda tana yawo a kai. Sai da ya rataye katakon a ƙusa sannan hannunsa ya saki taga, ya sulale ƙasa.

Mutane suka iso, wani ya buɗe ƙofa ya ciro mu, wani ya cusa duwatsu a ƙarƙashin tayoyi. Waɗanda suka auna sun ce taku uku ya rage. Baba yana kwance a gefen hanya, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa ta dama, ban ga ƙafar da kyau ba don wani ya rufe mini ido, amma na ga jinin a ƙasa. Na ji yana tambaya ko an taka wani yaro, aka ce masa a'a, sai ya yi hamdala ya rufe ido. Inna da ba ta fita da rana sai ga ta a tsakiyar maza ba mayafi, ta rungume Nura tana shafa shi ko'ina. Ni ba ta dake ni ba, ba ta ma yi mini magana ba, kuma na fi son da ta dake ni. Aka sa Baba a motar Alhaji Mamman aka nufi asibiti, talabijin yana ta yi shi kaɗai a zaure.

Kafin la'asar Baba Bitrus ya zo a kan babur, idonsa jawur. Shi ya yi wa mutane bayanin igiya, yana ta cewa da ya sani da bai saki motar ba sai ya samo abin kashewa na wuta. Tambaya ɗaya ta rage a bakin kowa, wato yaya aka yi igiyar ba ta rataye. Yaran da suka tura ba su ga abin da ya faru a ciki ba. Da ƙanin Baba ya tambaye shi a asibiti ko ya rataya, sai ya ce, "Ku bar maganar nan, laihina ne." Shi ke nan magana ta bazu a unguwa cewa saurin kallon talabijin ya sa ya manta. Na ji mata a gidanmu, sun zo jaje, suna fita suna cewa sakacin babba ya kusa kashe 'ya'yan mutane. Na ji ƙanin nasa yana faɗa a zaure cewa mutum da girmansa ya yi wasa da rai. An yi wa yara faɗan turin mota, ni ma an yi mini, amma kowa ya ce ai dama wasanmu ne kuma Baba ne ya ɗaure mana gindi. Ina ji, na ja bakina na yi gum.

Tsoron da ya biyo baya ya fi na cikin mota daɗewa. A sati na biyu Inna ta dawo daga asibiti ta shige ɗaki, na laɓe na ji tana gaya wa yayarta cewa ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, likita ya ce in ba ta sauka ba sai an yanke. Direba ba ƙafar dama, ko ni yarinya na san abin da wannan ke nufi. Sai na sa wa raina cewa shirun da na yi ne ke ruɓar da ƙafar, in na faɗi gaskiya Allah zai bar masa ita. Amma in na faɗa, da wane ido zai dube ni, shi da ake zagi a unguwa saboda ni? Kullum in yi niyya da safe, in an ce a zo a tafi dubiya sai in ce cikina ke ciwo. Abinci ya daina shiga. A aji in babbar mota ta wuce sai in zabura. Ga Nura, wanda ya ga komai. Duk lokacin da ya buɗe baki a gaban Inna sai gabana ya faɗi, na dinga ba shi rabona na ƙosai don ya zauna kusa da ni. Shi kuwa bawan Allah ya ma manta da wani katako, ƙosansa kawai yake ci.

Allah ya taƙaita, yatsu biyu aka cire, ƙafar ta tsira amma ta karkace. Sai da damina ta yi nisa aka sallamo shi, aka shimfiɗa masa katifa a zaure don masu dubiya. Na yi kwana uku ina zagaye zauren nan. A rana ta huɗu da safe Inna ta ba ni kunu ta ce in kai masa, ba yadda zan yi. Na same shi shi kaɗai, ya rame, ƙafar a naɗe a kan matashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni makaranta. Kofin yana hannuna, na ma manta ban miƙa masa ba. Ban san lokacin da maganar ta fito ba, na ce Baba ni ce na cire igiyar daga ƙusa, na ba Nura. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai ya ce, "Na sani, Uwata. Da hannuna na rataye ta, har na ja na ga ta kama."

Na ɗago na dube shi. Na ce to me ya sa ya bari ana cewa ya manta, ana ta zaginsa.

"Ni ban ce na manta ba, cewa na yi laihina ne. Na canza ma mota hali, ban hwaɗa ma ɗiyan da ke wasa da ita ba. Ke abin da na hwaɗa maki da bakina kika riƙe." Ya miƙo hannu. "Kawo kunun nan kar shi huce."

Na ba shi, na zauna a gefen katifa na yi kukan da na yi sati shida ina haɗiyewa, shi kuma ya sha kununsa yana dafe da kaina. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa kowa ba, unguwa ta ci gaba da ɗaukarsa mai mantuwa har aka gaji aka bari.

Baba ya koma tuƙi bayan an yi girbi, motar kuma ta yi shekaru tana ɗaukar kaya ba ta sake mutuwa a daji ba. Baba Bitrus bai huta ba sai da ya samo abin kashewar ya sa mata, aka cire igiya. Yanzu an cike kududdufin an yi shaguna a kai, yaran layin ba su ma san an taɓa yin rami a wurin ba. Motar maigidana da maɓalli ake tayar da ita, in makulli ba ya kusa ko za ka shekara kana dannawa ba ta kula ka, kuma kanikawan yanzu da 'yar na'urarsu a hannu suke tambayar mota abin da ke damunta. Sau uku ana sa ni koyon tuƙi ina gudu. Baba ya rasu shekarun baya, amma abin da na fi kewa shi ne takunsa in ya dawo daga masallaci, ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar ta biyo tana jan takalmi, tun daga bakin layi muke gane shi ne. Shekara da shekaru ya yi wannan ɗingishi a gabana, bai taɓa bari na ji nauyinsa ba. Har yau in na ji mai jan ƙafa a bayana, sai na waiwaya.